Abin da Yaro Ke Ji a Tsakar Gida

Laccar da aka gabatar ga iyayen yara da malaman Islamiyya a Kaduna ta Arewa

   

An ce in yi magana a kan nauyin da ke wuyan gida wajen karatun addini na yara da halin da suke tashi da shi. Zan fara da garin da muke zaune, domin tarbiyyar yaro a Kawo ko Tudun Wada tana da wata wahala tata wadda ba lallai a same ta a cikin birnin Zazzau ba.

Kaduna garin baƙi ce. Ban da Gbagyi da aka taras a wurin, kusan kowa zuwa ya yi. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, sai soja da ma'aikacin jirgin ƙasa da akawu da ɗan kasuwa suka biyo. Sunayen unguwanninmu ma sun ba da shaida: Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa. Ku shiga tsakiyar gari ku ga Titin Kano, Titin Katsina, Titin Legas, Titin Ibadan. Mutum ya zo da matarsa da akwatinsa, ya kama ɗaki biyu a gidan haya. Uwarsa na Ɗanja, baffansa na Kazaure, gwaggonsa na Bida. Ya zo da iyali, ya baro dangi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda a babban gidan Bahaushe ba uwa da uba ne ke ɗauke da yawancin tarbiyya ba. Ku tuna alkunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uba ma yana basarwa kamar bai gan shi ba. Al'adar ta zaunu ne domin akwai waɗanda suka tsaya a gurbin. Kaka ce ke tashinsa da asuba. Baffa ne ke jan hannunsa zuwa masallaci. Gwaggo ce ke nuna wa yarinya tsarki in ta fara girma. A zaure kuma ga malam da allo. To mun zo Kaduna mun bar waɗannan duka a gida, amma nisan da uba ke yi da ɗansa mun taho da shi. Da yawa daga cikinmu har yau nauyi muke ji mu zauna tabarma ɗaya da ɗanmu mu tambaye shi inda karatunsa ya tsaya, alhali babu baffan da zai tambaya a madadinmu.

In muka duba waɗanda muke alfahari da su, a gida aka ƙera su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, kuma da yawansu dangi ne, baffanni da kawunnai, ga shi kansa Shehu a cikinsu. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a cikin gidan ta koyi abin da daga baya ta ɗora matan da ake kira jaji a kansa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. Shehu ma a Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Malamaina, wannan sukar da ku yake, ba da mu ba, amma na san ba za ku riƙe ni ba.

Da gida ya ragu, Kaduna ta nemi abin da zai maye gurbinsa, kuma ta samu. A nan aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. A masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi ta karantarwa har rasuwarsa a 1992, Rediyon Kaduna na kai muryarsa har Nijar da Kamaru. A Tudun Wada Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi ya shekara da shekaru yana tafsirin azumi, shi ma rediyo na ɗauka. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya da na matan aure suka bazu lungu-lungu, 'yan ɗariƙa ma suka buɗe nasu, a 1985 kuma aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna. Tun daga 1986 ake musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Yau a Badarawa ko Malali za ka tarar da yarinya 'yar shekara 12 tana fitar da haruffa da tajwidin da kakanta bai taɓa ji ba. Matar aure da aka aurar ba ta san baƙi ba yanzu tana biya wa 'ya'yanta Ahalari. Duk wanda ya ce ba a ci gaba ba, bai yi adalci ba.

Amma ku dubi yinin yaron nan. Ƙarfe bakwai ya fita boko. Ya dawo bayan azahar, ya haɗiye abinci, ya canza kaya, la'asar na yi yana Islamiyya. Wani bayan magariba akwai makarantar dare. Asabar da Lahadi hadda tun safe. Uba kuwa ya fita Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci ko ofis, ko yana kan Keke Napep, ba ya shigowa sai yaran sun yi barci, in ma ya dawo da wuri majalisa ta ɗauke shi. Abin da ya haɗa shi da karatun ɗansa shi ne kuɗin wata da kuɗin littafi, sai ranar walimar sauka ya sa babbar riga a ɗauki hoto. A ransa ya sauke nauyi tunda ya biya. Aya ta 6 ta Suratut Tahrim kuwa da ta yi umarni da tsare kai da iyali daga wuta, da mai gida take magana, babu inda ta ce a wakilta shugaban makaranta.

Malamin Islamiyya yana da yara hamsin ko fiye a aji, yana da awa biyu, albashinsa kuma kun san shi, ba sai na tona ba. Zai iya koya wa yaro makharijul hurufi, ya haddatar da shi Arba'una Hadisi, ya nuna masa farillan alwala. Abin da ba zai iya ba shi ne ya goge abin da yaron ya gani a gida da safe. Yaro ya haddace hadisin alamomin munafuki, ya dawo gida, mai bin bashi ya yi sallama, uba daga cikin ɗaki ya ce, "Je ka ce ba na nan." Wane darasi kuke jin zai zauna? Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alƙawarin za ta ba shi wani abu, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Iyayena mata, sau nawa a yini muke cewa "yi shiru in saya maka alewa", "bari kuka, yanzu zan dawo", "ga dodo nan"? Mu muna ganin lallashi ne. Shi yaron yana koyon cewa magana ba lallai ta zama gaskiya ba in dai za ta biya bukata.

Haka batun adalci. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa kyauta ya zo neman Annabi ya shaida. Da Annabi ya ji ba a yi wa sauran 'ya'yan irinta ba, ya ƙi shaidar. Wannan yana cikin Buhari da Muslim. A gidajenmu masu mace biyu da uku, yara sun fi kowa iya lissafi. Sun san ɗakin da ake sa 'ya'yansa makarantar kuɗi da ɗakin da ake turawa ta gwamnati. Sun san wa aka ɗinka wa shadda da Sallah, wa aka ce ya yi haƙuri. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa, mai sahun farko, yana wannan bambanci, wata rana zai raina sahun farkon gaba ɗaya. Kuma ba zai faɗa maka ba.

Bari in taɓo duka, domin da yawa a nan da an ce tarbiyya bulala ce ke faɗo musu a rai. Uba ya kai yaro makaranta ya ce, "Malam, ga shi nan, kada a raga masa." Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddima a kan cutarwar tsanani ga ɗalibai. Abin da ya lura da shi shi ne yaron da aka rena da tsoro yakan koyi ƙarya da yaudara, domin su ne ke tserar da shi daga hannu. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ya shiga yana yaro, ya ce bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu gargaɗi ce a kan rashin jinƙai.

Mun ga inda miƙa yaro kacokan ke kaiwa, kuma a garin nan muka gani. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ake kira makaranta, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabo. Duniya ta yi ta nuna hotunan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu hali. Ba na zagin iyayen nan. Wanda ɗansa ya faɗa shaye-shaye shi ya san zafin da yake ji. Amma yaro ba ya kangarewa dare ɗaya. Akwai shekarun da yake shigowa gida ƙarfe sha ɗaya babu mai tambaya. Bayan wata bakwai ko takwas da wannan, lokacin korona a 2020, gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu, gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ce ta hana tsarin a jihar Kaduna. Kowa da ra'ayinsa a kan yadda aka yi abin, ni ma ina da nawa, domin tsangaya ta fitar da alarammomi da gwanaye da babu mai musun ƙwarewarsu. Sai dai wata tambaya ta fito fili a lokacin da aka jera yara 'yan shekara shida da bakwai ana neman garuruwansu: yaushe rabon uban kowannensu da ya gan shi?

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na karɓi gayyatar nan, wato kogin da ya raba garin nan biyu.

Dattawan da ke nan sun san Kaduna kafin 2000. A gidan haya ɗaya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ko Abakpa za ka sami Bahaushe da Bayarabe da Bajju da Ibo, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da Babbar Sallah a aika nama ɗakin Maman wane, da Kirsimeti shinkafa ta dawo. Rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000 ya ci rayuka sama da dubu. A watan Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addinan biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan nan, a Nuwamba, aka sake yin wani a kan gasar sarauniyar kyau. Aka ƙara a 2011 bayan zaɓe. Kowa ya kwashi kayansa ya koma inda ya fi jin zai yi barci da ido biyu rufe. Musulmi suka taru a wannan gefen kogin, Kirista suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi.

Yaron da aka haifa a Rigasa ko Hayin Banki a shekarar 2000, yau shi ma uba ne ko ya kusa. Da yawansu sun tashi ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba, ba su yi ƙwallo da shi ba, ba su ga uwarsa tana kuka a gidan makoki ba. Mu da muka zauna da su, in an faɗi wata mummunar magana a kansu, muna da fuskar wani maƙwabci da za ta ƙaryata maganar a zuciyarmu. 'Ya'yanmu ba su da wannan fuskar. Duk abin da suka sani game da mutanen ƙetaren gada daga bakinmu suka ji shi, galibi ba ma lokacin da muke musu magana ba, lokacin da muke hira da baƙo ko muke waya muna zaton hankalinsu na kan wasa. Sunan da kake kiransu da shi a tsakar gida, da irin dariyar da ka yi da aka ce wani abu ya same su, wannan shi ne darasin. Can hayin ma haka ake yi da 'ya'yansu a kanmu, na sani, amma ni da ku aka haɗa ni yau.

Kuma ba wani sabon addini nake kawo muku ba. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba. Buhari ya kawo cewa Annabi ya je duba wani yaro Bayahude da ke masa hidima da ya kwanta ciwo, ya kuma miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Abdullahi ɗan Amr, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya yi ta maimaitawa ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Yaranmu suna iya samun waɗannan a littafi. Amma wanda ya taɓa riƙo ƙullin naman layya ya hau mota da babansa zuwa Barnawa, gidan tsohon abokin aikin baban, ya gaishe da dattijon ya karɓi tukwici, ba ya bukatar dogon sharhi. A garin nan Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a rikicin 1992, Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin guda, kuma tun 1995 suke aiki tare. Cikin abin da ya karya ƙiyayyar da ke tsakaninsu har da zuwan da Imam ya yi asibiti duba mahaifiyar Faston.

Irin wannan rabuwar ce ke faruwa a tsakaninmu mu Musulmi. Wannan gari ya ji tafsiri biyu a rediyo ɗaya shekaru masu yawa, kowa da wanda yake bi. Manya suna da ilimin da za su san inda saɓani ya tsaya. Yaro ba shi da shi. In ya ji ka kira maƙwabci mushiriki ko ɗan bidi'a ko maƙiyin Annabi, shi a wurinsa hukunci ya tabbata, gobe ba zai gaishe da dattijon ba. Ga waya kuma ta shigo. Guntun bidiyo na minti ɗaya a TikTok ko WhatsApp, malam na yi wa malam raddi, an yanke farko an yanke ƙarshe, an bar zagin. Wayar taka ce, Alhaji, kai ka kunna ta a tsakar gida da ƙarfi. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin Rabi'a, ta umarce shi ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Mu mazhabarsa muke bi a alwala da salla, ya kamata mu ɗan bi mahaifiyarsa a wannan.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata tsakanin jikoki da kakanni, malamai su taimaka a kansa. Tsofaffinmu a allo suka yi karatu, da ruwayar Warshu. Islamiyya da Hafsu take karantarwa. Sai tsoho ya zo daga ƙauye ganin likita, ya ja salla a gida, jika ya ce Kaka ya yi kuskure. Tsohon ya ji kunya ya daina karatu a gaban yara, gidan ya yi asarar malamin da ya zo har ɗaki kyauta. Jumla biyu a aji sun isa: ruwayoyin nan duka ingantattu ne, Warshu daga Nafi'u na Madina, Hafsu daga Asimu na Kufa, kuma har yau da Warshu ake karatu a Maroko da Aljeriya.

Abin da nake roƙon iyaye maza ba shi da tsada. Tsakanin magariba da lisha, maimakon majalisa, ka shigo gida ka zauna ka ce yaro ya biya maka inda aka tsaya. In karatunka bai kai nasa ba, riƙe Mus'hafin kana bi da ido, ka bar shi ya gyara maka. In ya kai shekara bakwai, lokacin da hadisi ya ce a fara umartarsa da salla, kada ka tura shi masallaci, ka tafi da shi. Yarinya kuma kada a ce karatunta na uwa ne ita kaɗai, ita ma ta ji muryar ubanta yana cewa madalla.

Ga shugabannin makarantu kuwa, na lura in an kira taron iyaye mata ne ke cika wurin, maza sai 'yan tsiraru, don ana sa shi ne da hantsin ranar da kasuwa ke ci. Ku gwada mayar da shi bayan sallar lisha, a masallacin unguwa, liman ya yi sanarwa da bakinsa. Sannan takardar sakamako kada a ba yaro ya kai gida. A ce sai uba ya zo da ƙafarsa ya karɓa, ya zauna da malamin ajin ko na minti biyar ne, malamin ya gaya masa abin da ya gani a halin yaron, ba makin hadda kaɗai ba.

Nan zan dakata. Shugaban taro, Allah ya gafarta malam, ga abin magana, na ga tun ɗazu akwai takardun tambaya da ke fitowa daga wajen mata.